Daga Ashirin Zuwa Tamanin

Mil ɗari uku na tuƙo cikin gonakin masarar Iowa
don in kalli yaro ɗaya yana sunkuyawa.
Shekara talatin da ɗaya ke nan sana'ata:
benci, littafi, agogon daƙiƙa,
da gahawar da ta huce a kofin takarda.

Eudis Balbuena sunansa, shekararsa sha tara.
Daga Baní aka tumɓuko shi, garin mangwaro,
aka dasa shi a gibin nan
tsakanin tasha ta biyu da ta uku,
inda ƙwallon besbol ke shigowa ba sallama.

Ƙungiya ta ba ni mudu: daga ashirin zuwa tamanin.
Hamsin, ɗan wasa ne kamar kowa.
Tamanin, sau biyu na taɓa rubuta ta,
ɗayansu yanzu tayoyin mota yake sayarwa a Tulsa.

Ƙafafu tukuna.
Kafin kulki ya taɓa ƙwallo ya riga ya taka hagu,
sai ka ce wani ya raɗa masa a kunne.
Ba a koyar da wannan, da shi ake zuwa.
Sittin.

Sai damtse.
Ya tsinto ta can ƙuryar gibi, jikinsa na rinjaya baya,
ya wurga, ta tafi sak kamar igiyar shanya,
safar mai tsaron tashar farko ta ce tas!
Na sa saba'in, na soke,
na sa sittin da biyar,
don na san halin zuciyata in rana ta yi sanyi.

Amma kulki fa.
Mai jifa ya lanƙwaso masa ita sau uku,
sau uku ya sari iska
kamar mai korar sauro a duhu.
Ya koma benci yana yi wa sandar faɗa da Sifaniyanci.
Arba'in.
Ko da biyar a kai, in kafaɗun nan sun cika,
in idon ya koyi haƙuri,
in gwiwa ba ta ci amanarsa ba.
Da "in" nake cika littafina, da "in" ake biyana.

A zagaye na bakwai aka gangaro masa wata lallausa,
irin wadda ɗan shekara goma zai ɗauka yana hamma.
Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce.
Mutum ɗari takwas suka yi ihu,
har mai sayar da gugguru ya juyo.
Na ajiye alƙalami. Abin da ya kawo ni ke nan.

Bai duba safarsa ba, kamar masu neman wanda za su ɗora wa.
Bai shuri ƙasa ba.
Ya dubi mai jifa, ya bugi ƙirjinsa sau biyu: nawa ne.
Ya tofa yawu, ya sake sunkuyawa,
yatsunsa na kiran ta gaba.

Ba ta zo ba.
Har aka tashi ƙwallo ba ta sake bi ta wajensa ba,
aka bar ni da rabin amsa.

A wurin ajiye motoci na gan shi,
Misis Vandermolen, wadda yake kwana a ɗakin ɗanta,
ta miƙo masa abinci a roba.
Waya a kunne, yana cewa mamá, mamá,
yana dariya kamar ba shi ya zubar ba.

Yanzu ƙarfe sha biyu, ɗaki mai lamba tara,
fanka na kuka, takarda na jira.
Akwai gurbi ɗaya a ƙasa, wai "gobensa",
faɗinsa bai kai farcen babban yatsa ba.

Ni ma na taɓa tsayawa a gibin nan.
Wani tsoho mai malfa ya zo ya kalle ni kwana biyu,
ya sa mini arba'in, ya hau motarsa.
Shekaru na yi ina tsine masa.
Gaskiya ya faɗa.

Na rubuta hamsin da biyar,
da fensir.