Kashi na Ashirin da Uku

Daren Laraba, bakin ruwan Yauri,
wayata jingine da galan ɗin baƙin mai,
caji saura sha ɗaya.
Zayyanu mai tura finafinai ya ce,
"Wannan kashin, sai ka tanadi zuciya."
Na miƙa masa ɗari biyu ina dariya.
Katun ne fa, zanen mutanen Japan.

Kashi ashirin da biyu ina biye da su:
ƙaton ƙarfe, ya fi hasumiyar masallaci tsawo,
yaro ɗan sha biyar zaune cikin ƙirjinsa
yana ihu yana jan linzami.
Yaran unguwarmu duk shi suke so.
Nafi'u har aski ya yi irin nasa,
uwarsa ta bi shi da muciya har bakin kasuwa.

Ni ba shi nake kallo ba.
Akwai wata tsohuwa can bayan fage,
gajeruwa, da fensir a bayan kunne,
ita ke ɗaure noti in an dawo daga yaƙi.
Yaron ya kawo mata hannun ƙarfe a karye,
ta zage shi tas, ta kwana tana walda.
Ba na jin yarensu,
rubutun ƙasan allo ya fi idona gudu,
amma na san zagin.
Shi ne wanda Malam Ɗangwaggo ke yi min
in na ɗaure fulogi a karkace.

To, daren nan.
Ƙofar rumfar ta cije, ƙaton ya kasa fita,
wuta tana cin rufi.
Ta dubi sufana, ta dubi ƙofar,
ta kori yaranta waje, ta hau tsani.
Na ce, "Iya, sauko."
Da ƙarfi na faɗa, har karen masu banda ya amsa.
Ba ta sauko ba.
Ƙofa ta buɗe, ƙaton ya cilla sama
da kiɗa da walƙiya.

Na mayar baya na ƙirga.
Daƙiƙa huɗu suka ba ta:
fensir a ƙasa, hayaƙi, shi ke nan.
Sai suka koma kan yaron
yana sara da takobin wuta,
bai ma sani ba tukuna.
Ana nan waya ta ɗauke.

Na zauna cikin duhu da sauro.
Jiragen sun kwanta a gaɓa, suna gogar juna.
In jirgi ya kai tsallake lafiya,
direba ake yi wa sannu da hanya.
In ya tsaya tsakiyar Kwara da mata da buhunan shinkafa,
tambaya ɗaya ce: wa ya taɓa injin nan?
Shekara talatin Malam yana nan wurin,
babban yatsansa babu farce,
ban taɓa ganin sunansa a jikin jirgi ba.
Alhaji wane, Alhaji wane, da fenti ja.

Ban ce ku raya ta ba.
Na san ƙofar ba ta buɗuwa da addu'ar ɗan kallo.
Amma ku da kuka zana gashin yaro sili-sili,
minti ɗaya ya gagare ku?

Da safe Zayyanu ya ɗago min hannu:
"Na ashirin da huɗu ya sauka!"
Na ce ya ajiye min, ba yau ba.
An kawo inji mai doki arba'in yana tari,
na kwance shi, na wanke, na mayar,
kowane noti sau biyu na bi shi.
Malam ya ce, "Me ya sami idonka?"
Na ce fetur ne.
Ya dubi fensirin da ke bayan kunnena,
ya daɗe yana dubansa.
"Kafinta ka koma?"
Na ce a'a.
Ya ce, "To miƙo min sha huɗu,
mutane na jiran ƙetarewa."