Layi Huɗu a Ringim

Buhu tara na riɗi na sayar,
na hau motar Kano, kuɗin cikin safa.
A Sabon Gari aka jera min modem:
sabo a kwali, kuɗinsa kuɗin bijimi,
na hannu kuma, an ɗaure wayarsa da kyauro.

Mai shago ya ce, ɗauki mai baki sha shida.
Na ce, layina huɗu ne,
ɗaya ma ba ya magana da damina.
Wa ke ɗinka wa jinjiri babbar riga?

Na ɗauko tsohon.
Daren farko ya yi kukan zabi,
ya yi shiru,
ya kama.
Haladu na asibiti ya tura wasiƙarsa Zariya,
ni ina waje, ina yi wa janareta fifita.