Ruwan da Ba a Hura wa Wuta Ba

Agusta a Gangare, kwana uku sama ba ta tsagaita ba.
Sun ɗauke wuta tun la'asar.
Ina gaban kurfoti, ina fifita gawayi da murfin tukunya,
gwiwata tana ƙirga mini shekaruna.

Bara war haka ina Japan.
Nazifi, autana, mai karatun duwatsu,
ya sa ni a jirgin ƙasa, ya sa ni a mota,
har wani masaukin katako a gindin tsauni.
Tun daga ƙofa aka ce a tuɓe takalmi.
Na ce, to, waɗannan sun sami tarbiyya.

Ɗakin ba gado.
Tabarma ce malala, mai ƙamshin ingirici,
da ƙofar takarda wadda ɗan akuya zai keta da atishawa.
Na tambayi Nazifi nawa ya biya
don in kwana a ƙasa kamar ɗakin kakata a Bukuru.
Ya ƙi faɗa.

Mai gidan ta kawo shayi ba sukari.
Ta girme ni, ga furfura fal,
amma ta durƙusa har ƙasa.
Na rasa inda zan sa kaina, ni ma na durƙusa.
Da muka zo tashi, gwiwarta ta ce ƙas,
tawa ta amsa.
Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Wanka kuwa, wai a taru, mata zalla, ba ko ɗaurin ƙirji.
Na ce, Nazifi, gaya mata ko kabari ba a shiga haka.
Ya sunkuyar da kai, ya fassara abin da ya iya.
Ta yi dariya a bayan tafin hannu,
ta ba ni mabuɗi:
goman dare, ni kaɗai.

Kwarmin dutse ne a fili, tururi na tashi,
wari kamar ƙwan da kaza ta yi wa yaji.
Na leƙa bayan dutse ina neman murhu,
ina neman itace,
ina neman yarinyar da aka sa ta hura.
Babu kowa.
Ƙasa ce da kanta take dafawa.

Shekara talatin da ɗaya ina unguwarzoma.
Na san kuɗin itacen jego,
na san yadda ake tsoma darbejiya a tafasasshe a fyaɗa,
mai jego na ihu ina cewa daure.
Rabin unguwa sun yi wanka da ruwan da na dafa.
Ni kuwa rabon da wani ya sirka mini
tun arba'in ɗin Nazifi.

Na shiga, har wuya.
Ƙashin bayana ya saki wani abu
da ban san yana riƙe da shi ba.
Na ɗan yi kuka,
tururi ya rufa mini asiri.

Mu ma an tona tamu ƙasar.
Babana ya ɗauki kwanon kuza a ka har gashinsa ya ƙare,
abin da ta bar mana kududdufai ne, kore shar, sanyi ƙalau,
waɗanda muke dukan yara in sun je.
Ban ce Allah ya yi son kai ba.
Na dai tuna, a cikin ruwan.

Da asuba na barbaɗa yajina a kan shinkafarsu,
tsohuwa ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye,
ta miƙo hannu a ƙara.
Na bar mata ƙullin duka.
Ta ba ni ɗan tawul, tafin hannu biyu.

Ga shi nan yanzu, na ninke shi na ɗora a ka
yadda na ga suna yi.
Jikata Lantana ta leƙo, ta koma tana kiran uwarta:
ku zo ku ga Kaka.

Tukunya ta fara waƙa.
Bokiti ɗaya ne.
Gwiwar hagu ta sha rabi,
ta dama ta sha rabi,
sauran jiki ya yi haƙuri.