Ƙasa Ba Ta Karyewa

Ranar da gara ta gama da ƙafar bencinmu
ya rushe da ni, ƙarfe na sama.
Haladu bakanike ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Shimfiɗa buhu, kwanta a ƙasa.
Ita ba ta karyewa."

Bayan injin niƙan Sankara, gindin darbejiya,
na kwanta, gwiwoyi a tanƙwashe,
sandar ƙarfen tsohuwar a-kori-kura a hannuna,
gwangwanaye biyu cike da siminti.

"Sauke a hankali
har gwiwar hannu ta gaida ƙasa.
Tsaya nan. Ƙirga uku.
Kada ka ari ƙarfin lilo, bashi ne.
To, tura,
kamar mai fid da amalanke daga caɓi."

Talata na matso da hannuwa kusa,
bayan damtse ya kwana yana zugi.
Asabar hannu ɗaya, da ɗan dutsen niƙan Gwaggo,
ɗayan na dafe turɓaya kada in mirgina.
Wata rana ya rataya sarƙa,
in ƙarfen ya tashi, nauyi ya bi shi.

Aka cire gyaɗa, aka ɗaure dawa.
Sabon benci ya iso daga Ringim a bayan babur.
Na hau, na kama nauyin nan
da kullum ke maƙale mini a rabin hanya.
Ya wuce, kamar guga ya bar bakin rijiya.

Haladu bai yaba ba.
Ya kakkaɓe mini baya, ya ce,
"Sauko. Gobe ma ƙasa ce."