Sha Ɗaya

Ni ne mai ɗaukar bayanin taro.
Shekara ashirin da biyu ina ƙarshen tebur,
kusa da ƙofa, inda na'urar sanyi ke ɗiga,
a hawa na tara, cikin Manila,
inda rassan jami'a takwas ke karɓar umarni.
Ba ni da ƙuri'a. Alƙalami gare ni.

Ran Talata aka kawo doka ta bakwai,
sakin layi na uku:
duk ajin da ɗalibansa ba su kai sha biyu ba
a rufe shi kafin sabon zango.
Dakta Villaruel ya ce kason bana ya ragu,
kuma ba ƙarya ya yi ba,
ni na buga takardar, na ga ramin da idona.

Awa uku suka yi a kan kalma.
Wasu na son “dole”, wasu “ya kamata”.
Lauyan majalisa ya cire tabarau,
ya ce tsakanin biyun akwai teku.
Aka kawo kofi da wainar shinkafa,
aka ci, aka share baki,
aka tsaya a kan “dole”.

Can baya wata mata ta ɗaga hannu.
Luningning Abarquez, daga reshen tsibiri,
kwana da yini a jirgin ruwa,
gishiri bai bar bakin siket ɗinta ba.
Noman ciyawar teku take koyarwa:
yadda ake ɗaure tsiro a igiya,
yadda ake gane cuta tun tana ɗan fari a reshe.
Ɗalibanta sha ɗaya.

Minti uku aka ba ta.
Ba ta zo da jadawali ba, da sunaye ta zo.
Ta ce Crisanto a kwalekwalen ubansa yake zuwa,
in ruwa ya yi fushi sai ya kwana a aji.
Ta ce da su sha biyu ne,
guguwar Oktoba ta yaye rufin gidan su Marites,
yarinyar ta tafi Cebu tsaron kanti.
Ta ce, ku da kuka iya lissafi,
a wane layi zan rubuta guguwa?

Agogo ya buga. Aka gode mata.
Sha huɗu suka yarda, biyar suka ƙi,
ɗaya ya fita amsa waya.
Na rubuta: An saurari wakiliyar reshe. An amince.
Kalma shida,
kwana da yini na ciki a dunƙule.

A bakin matakala na cim mata,
tana laluben tikiti a jaka.
Ban saba magana ba, ji ne sana'ata,
amma wanda ya daɗe a gindin tebur
ya san ƙusar da ta yi sako-sako.
Na ce, Malama, akwai doka ta sha tara,
ta girmi rabin mutanen ɗakin can,
ba wanda ya tuna ya soke ta:
ma'aikacin jami'a, ko mai shara ne,
yana da darasi ɗaya kyauta kowane zango,
kuma sunansa na shiga ƙidaya.

Ta daɗe tana kallona.
Ta ce, mai gadinmu, Mang Pedring,
sittin da ɗaya gare shi,
ya fi ni sanin ciyawar, a hannu ya koye ta.
Na ce, dokar ba ta tambayi shekaru ba.

Da rajistar rassa ta iso teburina
na bi shafin tsibiri da yatsa.
Sha biyu.
Na ƙarshe da manyan baƙaƙe, sun ɗan karkace,
na wanda ya fi sabawa da makulli.
Na buga hatimi, na tura gaba.

Jiya aka miƙo mini ajandar wata mai kamawa.
Wani mai ido ya lura.
Abu na huɗu: sake duba doka ta sha tara.
Na cika alƙalamina da tawada,
na matsar da bokiti ƙarƙashin ɗigon.