Taswirar Kanada a Ƙauran Namoda

Ƙusa ɗaya ke riƙe da ita a bangon aji.
Gara ta ci kusurwar Yukon,
yoyon kwano na daminar bara
ya ƙara wa Manitoba tafki guda.

Na ɗauki karan dawa ina nuni:
"Larduna goma, yankuna uku can bisa.
Ga Ontariyo, nan jama'a ta fi kauri.
Kwibek ta fi ta faɗi, Faransanci ake ji
kamar a ofisoshin Maraɗi.
Wannan ɗigon bakin teku, kamar kashin ƙuda,
shi ma lardi ne, dankali yake nomawa."
Zayyanu ya ce, "Malam, ko sun san rogo?"
Aji ya kwashe da dariya.

Na miƙa karan sama, inda takarda ta yi fari fat.
"Nunabut ke nan.
Shimfiɗa Najeriya biyu a ciki, da sauran fili,
amma mutanenta ba su kai na Ƙaura ba.
Yawancin 'yan ƙasar sun jeru a kudu, jikin iyaka,
kamar 'yan tsaki a gindin murhu."

Barira na benci na ƙarshe,
wadda ta zo mana tsakiyar zango
da takalmi ƙafa ɗaya ja, ɗaya shuɗi,
wata huɗu ban ji muryarta ba,
ta ɗaga hannu:
"Malam, wa yak kore su?"

Na ce, "Ba kowa. Sanyi ne."

Ta yi shiru, tana duban farin.
"Shi sanyin, in an tara mai kuɗi,
yana bari a yi girbi?"

Alli ya karye a hannuna.
Rajista na buɗe kan tebur:
bara arba'in da bakwai, bana tamanin da tara,
uku-uku a kujerar mutum biyu.
Na tuna taswirar jiharmu a ɗakin malamai,
sunayen tunga birjik, baƙaƙe, ba gara ba yoyo,
alhali wasu rijiya kaɗai ta rage
da tsamiya mai zubar wa kanta 'ya'ya.

Aka buga ƙarfen tashi.
Na ce su zano larduna goma kafin Litinin.
Barira ta tsaya bakin ƙofa:
"In na zano garinmu fa,
wane launi zan sa mai?"