Gaɓar Yatsa Ɗaya

Shekara goma sha tara ina kwaɓa siminti,
daga Bajoga har Tumfure
ba unguwar da ban ɗora bulo ba.
Gidajen suna nan tsaye.
Hannuna ne ya rushe.

Da fari ƙaiƙayi ne a tsakanin yatsu,
irin wanda ake sosawa da bakin cebur a manta.
Sai ya yi ja, ya kumbura, ya tsattsage
kamar fadamar Daɗin Kowa in ruwa ya janye.
Alwala ta koma horo.
In na miƙa hannu bayan sallama
sai in ga mutum yana lissafi da ido
kafin ya ba ni yatsu biyu.

Na shafa man kaɗanya, na shafa man shanu,
na shafa baƙin man inji
da Giɗaɗo direban tifa ya rantse a kansa.
Wani a Tsohuwar Kasuwa ya ce jifa ne,
na ba shi ladan bulo ɗari.

A asibiti, Sista Rifkatu 'yar Kaltungo
ta juya tafina kamar mai duba ƙwai a rana.
Ba ta yamutsa fuska ba.
Wannan na riƙe mata har gobe.

Likita ya rubuta, ita ta warware:
"Baba, wannan ba man kwalliya ba ne,
wuta ce da ake kashe wuta da ita.
Daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, iyakarsa ke nan,
ya ishi hannu ɗaya, ciki da baya.
Safe da dare, mako biyu, ka dawo in gani.
Ban da fuska. Ban da yara. Ban da maƙwabci."

Dariya ta kama ni.
Ni da nake auna yashi da baro,
a ce in auna lafiyata da gaɓar yatsa?

Dare na uku na yi barci
har ladan ya riga ni tashi.
Ran na bakwai na dunƙule hannu, bai tsage ba,
na damƙi hannun liman da dukan tafina
har ya ce, a'a, Bappa, sake ni mana.

To, a nan ne Shaiɗan ya zauna kan murfin.
Ya ce, in kaɗan ya yi wannan, da yawa fa?
Na kusa amsa masa.
Sai na tuna katangar Pantami
da na cika wa ruwa don in tashi da wuri:
ta yi sumul ran Laraba,
ran Asabar ta kwanta.

Da dare 'yata Dudu ta kawo tuwo,
ta tsaya, ba ta ajiye ba.
"Baba, bayan hannunka ya yi haske."
Na ji abin da ke ƙarƙashin maganar.
Na san fuskar mai shinkafar bakin tasha,
shekara biyu tana shafa irinsa:
fata ta koma ledar ƙulla gishiri,
jijiyoyi a fili, rana tana cizon ta.

Ban yi wa Dudu faɗa ba.
Na ce ta taɓa wurin.
Ta taɓa. Ta ɗauke yatsanta a hankali.

Tun daga ranar maganin yake kwana a buhun aiki,
tsakanin igiyar awo da cokalin gini,
ni kuma na yi matashi da buhun.

Ran sha huɗu na koma da rabinsa.
Sista ta ɗaga shi, ta dube ni, ta ce,
"Kai magini ne na gaske."

Yanzu da safar roba nake kwaɓi.
Leburori suna kira na Dokta.
Su yi ta yi.
Jiya na ɓare wa jikana lemo
da farcena,
ruwan ya gangaro tsakanin yatsu
bai yi mini zafi ba.